Karayar ta warke amma yaron bai dawo daidai ba, wane magani za mu bi?

Uwar Samari ta rubuta:

Assalamu alaikum. Shawara nake nema daga waɗanda suka taɓa kai matashi wajen masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, ko waɗanda aikinsu ke nan.

Ɗana na biyu shekararsa 15. Bara motar da ke ɗauko su daga makaranta ta yi hatsari. Shi karaya ya samu a hannu, an sa filasta, ya warke sumul. Abokinsa da ke zaune kusa da shi ko shurawa bai yi ba, Allah ya jiƙansa. Mun ɗauka firgita ce za ta wuce, to ga shi watanni sun ja, abin sai gaba yake yi. Ba ya barci sai da fitila a kunne, ko ya yi ma, tsakar dare zan ji takunsa yana zagaye a falo. In mota ta taka birki da ƙarfi a titi, duk abin da ke hannunsa sai ya sake shi ya sandare. Ƙaurin taya na sa shi amai. Yaron da ba a taɓa jin kansa da kowa ba, yanzu ƙaninsa ya taɓa masa caja sai ya shaƙo wuyansa. Sakamakon jarrabawa kuwa ba a magana.

Wata rana ina ninke wanki yana zaune bakin gado, ban tambaye shi komai ba, sai ya ce, "Mama, ni fa na ce masa mu yi musayar wuri." Daga haka ya tashi ya fita. Na bi shi da magana ya ce ba komai, kuma bai sake tayar da zancen ba.

Likitar da muka gani ta zauna da shi su biyu, sannan ta kira ni ta ce alamun PTSD ne, wato firgicin da ke maƙale wa mutum bayan mummunan tashin hankali. Ta ambaci hanyoyi biyu: zaman tattaunawa da za a riƙa yi da shi da ni, wai TF-CBT, da kuma wani na motsa idanu, EMDR. Ta ce a duka biyun sai an taɓo ranar hatsarin. Nan ne hankalina bai kwanta ba. Yaron da ko sunan abokin ba ya iya furtawa, a zaunar da shi a ce ya ba da labari? Ba fami za a yi masa ba? Babansa cewa yake a ƙyale shi, namiji ne, a hankali zai manta. Wata ƙawata kuma ta ce in nemi a rubuta masa ƙwayar barci kawai, in ya samu barci komai zai daidaita. Shi kuma gogan ya ce ba inda za shi, lafiyarsa ƙalau.

Don Allah wanda ya sani ya fahimtar da ni.

Malamar Shawara ta amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan yaron, ya ba naki lafiya. Zama da matasa irin ɗanki shi ne aikina, don haka bari in ɗan tsawaita.

Maganar babansa tana da ƙamshin gaskiya, amma a makonnin farko. Yawancin yara suna farfaɗowa da kansu in suna da masu kula da su. Wani nazari na 2014 da ya tattara bincike da dama ya nuna kusan yara 16 cikin 100 da suka gamu da tashin hankali ne abin ke zame musu PTSD. Shi ya sa ma ba a ba ciwon wannan suna sai alamun sun haura wata guda. To ku kun daɗe da wuce wannan gaɓar, kuma abin ƙaruwa yake. Dalilin ƙaruwar shi ne gudun da yake yi. Duk lokacin da ya kauce wa tunanin, ko ya ƙi shiga mota, yana samun sauƙi nan take, sai ƙwaƙwalwarsa ta ɗauka kaucewar ce ta cece shi. Yau ya ƙi zama gefen taga, gobe ya ƙi motar baki ɗaya, jibi ya ƙi makarantar.

Game da fami, ki tuna lokacin da aka cire masa filasta. Hannun ya sage, sai da aka riƙa miƙe shi kaɗan-kaɗan yana cije baki, kuma ba wanda ya ce a bar shi a lanƙwashe saboda yana zafi. Haka aikin yake, ba a fizga, amma ba a bari.

TF-CBT wasu masana uku ne a Amurka suka tsara shi, Judith Cohen da Anthony Mannarino da Esther Deblinger, domin yara daga shekara 3 zuwa 18. Galibi zama 12 zuwa 16 ne, sau ɗaya a mako, in abin ya cakuɗe yakan kai 25. A makonnin farko ba wanda zai ce masa ba mu labari. Ana fara yi masa bayanin abin da ke faruwa a jikinsa ne, cewa aman nan da sandarewar nan ba hauka ba ne, ba kuma ragwanci ba. A koya masa jan numfashi da sakin jiki, da yadda zai auna damuwarsa daga 0 zuwa 10. Sai ya iya saukar da kansa daga 8 zuwa 4 kafin a matsa gaba.

Labarin ma ba daga hatsarin ake farawa ba. Babin farko kan shi kansa ne, ƙungiyar ƙwallon da yake so, abin da ke ba shi dariya. Na biyu kan abokin, yadda suka haɗu. Sannan safiyar ranar. Wani yaron da hannunsa yake rubutawa, wani yana faɗa ina buga masa a kwamfuta, wani zane yake yi. Kowane mako mu karanta daga farko ya ƙara kaɗan, har wurin da da yake kai shi 9 ya dawo 3.

Wannan maganar ta musayar wuri, a ganina ita ce cibiyar ciwon, kuma da ya faɗa miki alama ce yana neman wanda zai taya shi ɗauka. Na san kin ce masa ba laifinka ba ne, kuma na san bai shiga ba. Irin wannan ba ya shiga ta faɗa. Tambaya muke yi. Kafin ranar, sau nawa kuka taɓa musayar wuri ba abin da ya faru? Da safen nan me ka sani game da abin da zai auku? Da shi ne ya ce ku yi musaya kai ka rasu, za ka so ya rayu yana ganin shi ya kashe ka? Wani lokaci mu zana da'ira ya raba ta da kansa: kason gudu, kason birki, kason titi, kason wurin zama. Shi zai kai kansa ga amsar, kuma amsar da ya samo da kansa ita ke zama.

Ke ma za a riƙa zama da ke daban. Kusa da ƙarshe, in ya yarda, za a karanta miki labarin ke kaɗai tukuna, ki yi kukanki a can, don ranar da zai karanta miki da bakinsa ki iya saurara ba tare da ya koma lallashinki ba. Yara da yawa suna yin shiru ne don kada su sa uwa kuka.

Ki shirya wa abu ɗaya: a tsakiyar aikin mafarkan na iya ƙaruwa na ɗan lokaci. A nan iyaye da yawa ke janye yaro, kuma nan ne mafi munin wurin tsayawa. In hakan ta faru, ki gaya wa mai zama da shi a rage sauri.

Baban 'Yan Mata ya amsa:

Hajiya sannu da ƙoƙari. Ni ba masani ba ne, uba ne kawai. 'Yata tana 16 gobara ta rutsa da ita a ɗaki, sai ta taga aka ciro ta. Mun fara kai ta wajen wata mai ba da shawara, mutuniyar kirki, suna hira kan makaranta da ƙawaye, yarinyar na jin daɗin zuwa. Amma gobarar ba a taɓa ta ba, kuma in ta ji ƙaurin hayaƙi haka za ta fice da gudu ko takalmi babu. Wannan hirar tana da daɗi, amma ba ta yi mana maganin komai ba.

Daga baya aka tura mu EMDR. Gaskiya da aka yi min bayani dariya ta kusa kuɓuce min, na ce yanzu kaɗa yatsa a gaban ido shi zai warkar da wannan? An bar ni na zauna a zama ɗaya na shiri, sauran kuma ita ta ba ni labari. Matar za ta ce ta ɗauko hoto ɗaya a ranta, wanda ya fi muni. Nata shi ne ƙofar da ta ƙi buɗuwa. Sai ta faɗi abin da hoton ke sa ta ji game da kanta, ta ce "ba ni da mafita", ta kuma nuna inda take jin abin a jikinta, a maƙogwaro. Sannan ta bi yatsun matar da ido, dama da hagu, kamar rabin minti. A tsaya a ce mata, me ya zo miki? Ta faɗi kalma biyu ko uku, a ce to bi shi, a ci gaba. Ba a sa ta ta zayyana labarin duka ba, ba kuma aikin gida. Ga yarinyar da ba ta son magana, wannan ne ya sa ta jure. Takan dawo a gajiye liƙis ta kwanta, washegari kuma garau.

Na bincika daga baya, wata Ba'amurkiya Francine Shapiro ce ta faro shi a 1987, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin hanyoyin da ta amince da su a 2013, har da na yara da matasa. Masana har yanzu suna gardama ko motsin idon ne ke aiki ko fuskantar tunanin ne. Su ƙarata can, ni dai 'yata tana kunna wuta da hannunta yanzu. Tunda naki ba ya son magana, da ni ne da wannan zan fara.

Ga babansa kuma, ki ce wani uba ya ce a gaya masa: ni ma haka na ce, a ƙyale ta. Yaro ba ya mantawa, iya ɓoyewa kawai yake koya.

Malamar Shawara ta sake amsawa:

Alhaji, Allah ya ƙara mata lafiya. Abin da ka ce kan hirar da ba ta taɓa asalin abin ba, haka yake ba ragi. Sai dai kan wanda za a fara da shi na ɗan saɓa maka. Hukumar NICE ta Ingila, mai tsara ƙa'idojin jinya, a ƙa'idojinta na 2018, TF-CBT ta sa a gaba ga 'yan shekara 7 zuwa 17, EMDR kuma in na farkon bai yi ba ko yaron ya ƙi ba da haɗin kai, saboda binciken da aka yi kan yara ya fi yawa a na farkon. Kuma 'yarka tsoro ne ya fi damunta, shi kuwa wannan akwai ganin laifin kai da makokin aboki, ga gida da ya rabu biyu kan abin da za a yi. Hanyar da ke shigo da iyaye ciki za ta fi dacewa da su. In an gwada ya toge, EMDR na nan, ba asara aka yi ba.

Ƙaramin Ɗanku ya amsa:

Mama ina wuni. Ni zan yi magana ne kan "ba inda za ni", don ni ma na faɗe ta ina ɗan 16.

Kada ki yaudare shi. Kada ki ce za ku je duba hannu sai ya tsinci kansa gaban mai tambayar mafarkinsa. Daga ranar ba zai sake yarda da ke ko da mutumin ba. Ki gaya masa gaskiya a taƙaice, kuma ba kuna fuskantar juna ba, kuna tafiya ko kuna wani aiki ya fi. Kada ki ce "kana da matsala". Ki kama abin da shi kansa ya gaji da shi, rashin barcin. Ki ce akwai masu taimakawa kan wannan, mu gwada zama uku, in ka ga ba amfani mu sake magana. Ki bar shi ya zaɓa, namiji yake so ko mace. Kuma in ya fito kada ki tare shi da "me ka ce mata?" Wallahi wannan tambayar kaɗai ta kusa sa ni daina zuwa. Ya san abin da ya faɗa a ɗakin sirri ne, sai dai in ransa ko na wani na cikin haɗari, kuma ya kamata a gaya masa wannan iyakar tun ranar farko.

Ni nawa ba abu ɗaya ba ne, tashin hankali ne iri-iri tun ina ƙarami, sai aka yi min wata hanya da ake kira NET, ta wasu masana na jami'ar Konstanz a Jamus, wadda aka yi amfani da ita sosai ga 'yan gudun hijira. Mutumin ya shimfiɗa igiya a ƙasa ya ce wannan rayuwarka ce, wannan bakin ranar haihuwarka. Ya ba ni duwatsu da furanni, dutse ga kowane mummunan abu, fure ga mai daɗi, in jera su bi da bi. Ragowar igiyar ya bar ta a naɗe, ya ce wannan abin da bai zo ba tukuna. Na zata duwatsu zalla zan jera, sai ga furanni sun fi yadda na zata. Daga nan muka bi su ɗaya bayan ɗaya yana rubutawa, a ƙarshe ya ba ni takardun. Ga ɗanki mai abu ɗaya wataƙila ba ita za a zaɓa ba, na faɗa ne don masu karantawa da nasu ya yi yawa.

Nas Mai Aikin Dare ta amsa:

'Yar'uwa, batun ƙwayar barcin nan ki ajiye shi. Irin su diazepam suna kwantar da mutum na dare ɗaya, jiki ya saba da su da wuri, barinsu ya zama wani sabon ciwo, firgicin kuma yana nan inda yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a ba da irinsu don rashin barcin da ke biyo bayan tashin hankali a watan farko, ta kuma ce ko magungunan baƙin ciki kada a yi amfani da su a matsayin maganin PTSD ga yara da matasa. NICE ma ta hana magance PTSD da ƙwaya ga wanda bai kai 18 ba. Inda ƙwaya ke shigowa shi ne in akwai ciwon baƙin ciki mai tsanani a haɗe, sai likitan ƙwaƙwalwa ya duba ya rubuta irin su fluoxetine. Ko a nan ana sa ido sosai a makonnin farko, domin tun 2004 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa irin waɗannan na iya ƙara tunanin kashe kai ga wasu matasa a farkon sha.

Abin da ya fi damuna a rubutunki shi ne yaro mai ganin shi ya jawo mutuwar abokinsa, ga rashin barci. Ki tambaye shi kai tsaye, cikin natsuwa, ko yana jin da ma shi ne ya mutu, ko ya taɓa tunanin cutar da kansa. Tambayar ba ta dasa tunanin, yawanci sauƙi take kawowa. In ya ce eh, ko kika ga yanka a hannu ko cinya, ko ya fara rabar da kayansa, a ranar za ku koma asibiti, ba sai ranar ganin likita ta zo ba. Magungunan gida ki kulle su tun yanzu. Ki kuma lura ko ya fara shan wani abu don ya samu barci, matasa da yawa ta nan suke faɗawa shaye-shaye.

Uwar Samari ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Nas, na yi masa tambayar, jikina na ɓari. Ya ce bai taɓa tunanin yi wa kansa wani abu ba, amma yakan ji bai cancanci ya yi dariya ba. Na gaya wa likitar ta waya. Ɗana mai labarin igiya, na bi shawararka na kama batun barci, ya ce zai gwada, amma namiji yake so. Babansa ya karanta duka bai ce uffan ba, daga baya ya tambaye ni ko shi ma dole ne ya je.

Malama, yaya zan gane wanda za a haɗa mu da shi ya san aikin? Kuma uban dole ne?

Malamar Shawara ta amsa:

Madalla Hajiya, wannan amsar da ya ba ki ki tabbata ta isa kunnen wanda zai zauna da shi.

Ki tambaye shi ba kunya: wace hanya za ka bi, a ina ka koye ta, akwai wanda ke duba aikinka? Ka taɓa yi da matasa? Zama nawa kake hasashe, kuma ni ina nawa wurin? Wanda ya san aikin zai amsa ba tare da jin haushi ba. Ki tambaya kuma da me zai auna ci gaba. Akwai gajerun takardun tambayoyi, irin CRIES mai tambaya 8, da yaro ke cikewa a farko a kuma maimaita daga baya, sai a ga ko lambar na sauka. Ki guji mutum biyu: wanda ya sa shi zayyana hatsarin tun ranar farko, da wanda wata biyu suka wuce bai ko doshi wurin ba kuma ba shi da dalili.

In ba a samu babban ƙwararre namiji ba, kada ki raina wanda aka horar kan hanyar kawai. An gwada TF-CBT a Zambiya da masu ba da shawara waɗanda ba likitoci ba, an kuma gwada shi rukuni-rukuni a Kwango ga 'yan matan da yaƙi ya shafa, kuma a duka biyun alamun sun ragu sosai. Sharaɗin dai a ce an horar da shi kuma akwai mai duba shi. Ana kuma yi ta bidiyo in akwai ɗakin da yaro zai keɓe ba mai jin sa.

Uban ba dole ba ne, babba ɗaya da zai riƙa zuwa ba fashi ya wadatar. Amma tunda da kansa ya tambaya, ki ce ya zo zaman farko na iyaye, wanda ake bayanin ciwon. In lokacin sake sabawa da mota ya yi, za a buƙaci wanda zai zauna da yaron a cikinta tana tsaye, sannan a kunna, sannan a zaga layi ɗaya a dawo. Wannan aikin ki bar wa baban.